Nawa zan kashe in sauke motata ƙasa da gajeren resor?

"Salamu alaikum Baba. Ina da Corolla ƙirar 2010, bara na saye ta, ta yi kilomita dubu 190 da ɗoriya. Ina so in sauke ta ƙasa kaɗan, don sararin da ke tsakanin taya da jikinta ya yi yawa, ba ya mini kyau a ido. Na ga gajerun resor a intanet ana sayarwa wajen yuro 200, wani kuma a unguwarmu ya ce in ba shi jika 15 ya yanke mini nawa a wuce wurin. A Yamai nake aiki, amma iyayena suna Tawa, ina zuwa duk salla da kuma in wata hidima ta taso. Gaskiya nawa aikin zai ci mini, kuma wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: kuɗin resor da na ɗaurawa, sai kuma ko yankan nan na jika 15, wato sefa dubu 15, zai iya tsaya maka a madadinsu. Akwai na uku da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi cin aljihu, wato abin da motar za ta riƙa ci bayan ta sauka. Na fi shekara 20 ina kwance ƙafar mota a nan Yamai. Masu kawo mini mota a kan maganar tsawo, galibinsu ɗagawa suke so a yi musu: ƴan taksi, masu shiga ƙauye, magidanta masu iyali da yawa. Masu son saukewa ƴan tsiraru ne, kusan duk samari irinka, amma na yi musu aikin da ya isa in ba ka lissafi.

Motarka a kan resor huɗu take zaune, wato ƙarfen nan da aka naɗe zagaye-zagaye a wajen kowace taya. Resor shi ke ɗauke da nauyi, shi ne kuma ya yanke tsawon da mota za ta tsaya a kai. Amortisar ba ya ɗaukar nauyin, aikinsa ya hana resor ya yi ta lilo bayan an faɗa rami. Gajeren resor da ka gani ba na asali ne aka rage wa tsawo ba. Tun a masana'anta aka ƙera shi gajere, aka kuma ƙara masa tauri, domin filin da ya rage masa na motsi ya ragu. In da taushinsa ɗaya da na asali, da a kowane tudu sai mota ta daki ƙarshe. Sunayen da aka sani a wannan harka su ne Eibach da H&R na Jamus, sai Tein na Japan. Na Eibach da suke kira Pro-Kit yakan sauke mota kamar santimita 2.5 zuwa 4, gwargwadon irin motar, akwai kuma wani samfurin nasu, Sportline, da ya fi shi yin ƙasa. Wannan na biyun ka cire shi a ranka tun yanzu.

Kuɗin resor kafin ya iso hannunka

Farashin da ka gani daidai ne. Saitin huɗu na kamfani mai suna, na ƙaramar mota irin taka, a Turai yana tsakanin yuro 150 zuwa 300. Da yake sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, lissafin ba wuya: jika 100 zuwa jika 200. Naka na yuro 200 ya kama jika 131. To amma wannan farashin can ne, a kan kanta. Ƙarfe ne mai nauyi, saitin yakan kai kilo 8 zuwa 10, masu kawo kaya ta jirgi kuwa da kilo suke caji. Ga duwan, ga harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Tun da iyakarmu da Binin ta rufe a 2023, kayan da ke zuwa ta ruwa sai sun zagayo ta Lome su ratso Burkina, jira ya ƙaru, kuɗi ma haka. Saitin ƙarshe da na yi wa wani oda, kafin ya shigo garejina an ɗora masa kusan jika 60 a kan kuɗin saye. Wanda yake da ɗan uwa mai dawowa daga Faransa ko Beljik ya saka masa a jaka, shi ya huta da wannan.

Wajen oda nan mutane ke faɗawa rami na farko. Sunan "Corolla 2010" bai isa ba. Wadda aka yi don Amurka daban, ta Turai daban, ta Dubai daban, kuma mai injin gazuwal ta fi mai esans nauyi a gaba, don haka resor ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka ɗauki lambar shasi daga kart giriz, wato takardar rajistar motar, ka ba mai sayarwa. Resor na gaskiya yana da lamba a buge a jikin zagayensa, na Jamus kuma yana zuwa da takarda mai nuna motocin da ya dace da su da nauyin da yake ɗauka. In aka nuna maka ja ko shuɗin resor mai ƙyalli ba lamba ba takarda, fenti kake saye.

Wajen ƴan feray, masu sayar da tsofaffin kayan mota, kuma akan dace. Motocin da ake kawowa daga Turai wasu da gajeren resor ɗinsu suke isowa, mai motar yana karɓa abin da zai fara yi shi ne ya sa a cire a mayar da dogo. Irin waɗannan na taɓa saya a jika 30, na taɓa saya a jika 50. Sai dai samun na motarka daidai sa'a ce, ba abin da za ka sa wa rana ba ne.

Kuɗin hannu

A nan ne muka fi Turawa sauƙi nesa ba kusa ba. Can aikin awa uku ko huɗu ne, kuma kuɗin awa ɗaya na makaniki yakan fi abin da nake karɓa a aikin gaba ɗaya. Ni a Corolla jika 25 zuwa 30 nake karɓa, ƙafa huɗu. Za ka sami mai yi maka a jika 10. Bambancin yana wurin kayan aiki da haƙuri.

Ƙafar gaban Corolla, resor a jikin amortisar yake, a matse. Sai an ciro su tare, a kama resor da abin matsewa, sannan a kwance babban noti na sama. Wata shekara wani yarona, sabon shiga, ya ga ina waya a bakin ƙofa, ya ce bari ya burge ni. Ya ɗaure resor da igiyar bel ɗin mota, ya taka da ƙafa, ya sa sifana a notin. Ƙara kawai na ji kamar an harba bindiga. Murfin saman ya tashi ya huda kwanon rumfa, notin kuma har yau ba mu gan shi ba. Yaron yana zaune a ƙasa, sifana a hannu, bai ko iya salati ba. Hudar tana nan ban toshe ta ba, duk sabon yaro da ita nake fara masa karatu. In ka kai motarka inda za a yi aikin, ka ce a nuna maka abin matse resor kafin a ɗaga ta. In aka fara neman waya ko igiya, tada motarka ka tafi.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a gani, amma yana cin kuɗi daga baya. Robobin hannuwan ƙafa, silanbulok, ba a ƙulle notinsu mota tana rataye a kan jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan taya a sabon tsawonta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe dare da rana, bayan ƴan watanni ta tsage, ka dawo kana cewa mota tana ƙwanƙwasa.

Bayan ɗaurawa dole a daidaita ƙafafu, faralelis. Mota in ta sauka, kusurwar tayoyin gaba tana canjawa: kan taya ya ɗan kwanta ciki, bakinta kuma ya kauce daga saiti. Kaucewar bakin nan ita ce mai cin taya kamar an sa mata magagari. Inda nake turawa, masu yi da na'ura, jika 10 suke karɓa. Nakan ce a yi sau biyu, ranar aiki da kuma bayan sati ɗaya ko biyu, domin sabon resor yakan ƙara zama kaɗan. Fitilun gaba ma a sake saita su.

Amortisar ɗin da ya yi kilomita dubu 190

Nan ne lissafinka zai kumbura. In amortisar ɗin motarka na asali ne, ya riga ya ci rabonsa. Yanzu yana tafiya ne saboda resor mai taushi ba ya matsa masa. Ka ɗora masa gajere mai tauri, ka tilasta shi aiki a can ƙasan tafiyarsa inda ba a yi shi don ya zauna ba, a kan hanyoyinmu, a zafin watan Afrilu. Na sha ganin wanda ya shigo a bushe ya fara zubar da mai kafin wata uku. Daga nan mota sai ta koma tsalle kamar akuya, ga tauri ga lilo, abu biyun da bai kamata su haɗu ba. Mai motar kuma resor zai zaga.

Saboda haka nakan ce tunda an riga an kwance ƙafar, kuɗin hannu ɗaya ne, a sa sabon amortisar a lokaci guda. Huɗu masu kyau, irin KYB ko Monroe na gaskiya, ka ware jika 120 zuwa 200. Na ce na gaskiya don kwalin da aka kwaikwaya ya cika kasuwa. Akwai waɗanda aka yi musamman don gajeren resor, kamar Bilstein B8, su ne daidai da aikin, amma kuɗinsu ya ninka na resor ɗin kansa. Ƙananan kaya su ma suna nan: murfin sama da boris ɗinsa, robar tsayawa, rigar da ke kare sandar amortisar daga ƙura. Su ma jika 30 zuwa 40 ba ta yi musu yawa ba.

In ka tara, resor da kawowa da kuɗin hannu da faralelis sau biyu, kana wajen jika 230 zuwa 250 a kan saitin da ka gani. Da amortisar da ƙananan kayan, jika 400 zuwa 500. Wannan farashin garejina ne da na mutanen da nake sayayya wurinsu, kasuwa kuwa tana motsi, kuma ban ga motarka ba. Wataƙila wanda ya sayar maka ya riga ya canja amortisar, ka tsira da rabin kuɗin. Wataƙila kuma in na shiga ƙarƙashinta in tarar da rotil, gaɓoɓin ƙafar, da kardan, sandar da ke juya taya, suna jiran nasu.

Maganar mai yanka

Araha ba ta ado. Mutumin unguwarku zai sauke maka mota, wannan ba ƙarya ya yi ba, har ma za ta yi kyau ranar farko. Amma ka dubi resor da kyau: ƙarshensa an lanƙwasa shi ne don ya zauna daram a cikin mazauninsa. In aka yanke zagaye ɗaya ko ɗaya da rabi, wannan zaman ya tafi. Resor ya gajarta fiye da yadda ya ƙara tauri, sai mota ta riƙa dukan ƙarshe a ƙaramin rami. In kuma taya ta rataya, kamar lokacin da ka hau tudu da gudu ko aka ɗaga mota a jak, yana iya sakin mazauninsa ya karkace. A ƙafar gaba, resor da ya karkace kusa yake da gefen taya. Ka tuna da hanyar Dogondutsi zuwa Ƙonni, kana kan 110, ga tirela tana tahowa.

Sannan da wuya a yanka huɗu su zo daidai. Da ido ake aunawa, sai ka ga mota ta ɗan jingina gefe ɗaya kamar mai ciwon kwankwaso. Masu gasawa da wutar walda sun fi masu yanka ɓarna. Ƙarfen resor an dafa shi ne a wani zafi na musamman don ya riƙa dawowa, in ya sake yin ja a wuta wannan halin ya mutu, zai yi ta zama har wata rana ya karye a inda aka gasa. Ni ba na yankawa ba na gasawa, ko nawa za a ba ni. Ban da haka, ka lalata resor ɗinka na asali, ranar da ka gaji kana son mayarwa sai ka sake saye.

Santimita 3 a Yamai da Tawa

Corolla irin taka, ba kowa a ciki, tsakanin cikinta da ƙasa kamar santimita 15 ne. Ka cire 3, saura 12. Yanzu ka saka mutum huɗu, buhun shinkafa na tsaraba, jarkar mai, akwatunan salla. Abin da ya rage kana iya auna shi da tafin hannu.

A kan gudron mai kyau ba abin da zai same ka, har ma za ka ji daɗinta: ba ta kwanciya a kwana, sitiyari ya fi jin magana. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma tafiyar Tawa kilomita 550 ce ko kusa da haka, ka bi Doso, Dogondutsi, Ƙonni, ka karya a Tsarnawa ka bi ta Badagishiri, kuma kusan kowane gari da za ka ratsa yana da kasis ɗinsa, tudun rage gudu, a shiga da fita. Ba duka aka yi su da awo ba. Wasu mutanen gari ne suka gina da kansu bayan mota ta buge musu yaro, kuma wanda ya gina tudu da baƙin ciki ba ya tunanin cikin motarka. In ka isa Tawa ka bar babban titi, rairayi ne. Tayoyi suna bin sawu biyu da suka zurfafa, tsakiya ta yi tozo, cikin mota ya hau tozon ya zauna, tayoyi suna juyawa a banza. A nan Yamai ma ka san yadda lungunan Talaje ko Banifandu suke komawa a watan Agusta: ruwa ya rufe rami, ba ka san zurfinsa ba sai ka shiga.

Abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne leɓen barshok na gaba, sai robar ƙarƙashin inji, sai tukunyar hayaƙi, sai kartar, wato kaskon man inji. Wani yaro ya taɓa kawo mini Golf 4 a kan igiya. Golf 4 dama kartar ɗinta na alminiyom ne kuma a ƙasa yake tun daga masana'anta, shi kuma ya ƙara sauke ta santimita 4. Daren ɗaurin auren abokinsa, suna jerin gwano, ya hau kasis bai rage gudu ba. Ya ce ya ji ƙara amma kiɗa na tashi, jar fitilar mai ta kama bai kula ba. Da safe da muka je ɗauko ta, layin baƙin mai muka bi a kan kwalta tun daga tudun har inda injin ya ƙame, bai kai kilomita biyu ba. Tsagar da ke jikin kartar ɗin ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Inji ya saya. Taka ta fi wannan sauƙi, domin kaskon Corolla na ƙarfe ne, yakan lotsa maimakon ya fashe, amma in ya lotsa sosai yana iya toshe bakin da famfo ke zuƙar mai.

Ko ba a yi irin wannan ba, akwai cin yau da gobe. Taya tana cinyewa ta gefen ciki, inda ba ka gani sai ka durƙusa. Resor mai tauri yana miƙa wa rotil da silanbulok dukan da dā yake shanyewa. Ranar sayarwa kuma dillali zai zagaya motar sau ɗaya ya ce "an taɓa ƙafarta", ya rage maka kuɗi, don mai saye a ƙasar nan doguwar mota yake nema. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da zan yi in tawa ce

Ka ce sararin da ke saman taya ne ba ya maka kyau. Wani lokaci maganin wannan a janti yake, ƙarfen da taya ke zaune a kansa. In lambar da ke gefen tayarka 195/65 R15 ce, kana iya komawa 205/55 R16: tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, bambancin bai kai rabin santimita ba, mota ba ta sauka ba, amma jantin ya fi cika ido, tayar ta fi faɗi, sai ka ga motar ta zauna. Da yawa daga samarin da suka zo mini da maganar resor, a nan suka tsaya suka gode. Kar dai ka zarce zuwa janti mai lamba 18 da siririyar taya, ramukanmu za su lanƙwasa maka janti.

Za ka kuma ji ana maganar wanda ake murɗawa, amortisar da resor a haɗe masu zare a jiki, ka sauke a gari ka ɗaga in za ka yi tafiya. A baki yana da daɗi. Mai kyau daga cikinsu ya fi jika 500 tun a Turai, mai arahar kuma tauri ne da shi kamar amalanke. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna cinye zaren, bayan shekara sai da guduma, kuma duk murɗawa sai an sake faralelis. Wanda na sani da shi, sau ɗaya ya murɗa.

In kuma zuciyarka ta kafe a kan saukewa, motarka ce, kuɗinka ne, kuma ana yi a zauna lafiya in an bi ƙa'ida. Kar ka wuce santimita 3. Ka sayi mai lamba, na motarka daidai, huɗu tare, kar a sa biyu a bar biyu. A duba amortisar kafin ka tura kuɗin oda, don ka san ko lissafin jika 250 kake ciki ko na 450. A ɗaura maka farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, masu walda suna yi a jika 15 zuwa 20, a bar masa ƙofar juye mai da ramukan shan iska. Tsofaffin resor ɗinka kuma ka sa a ɗaure su da waya, a rubuta na gaba da na baya, ka kai gida ka ajiye. Kar ka bar su a gareji, ko da garejina ne, yara za su sayar.

Kafin duk wannan, ga gwajin da nake sa mutane su yi, ba ya cin ko dala. Ka tsayar da motar a daidaitaccen wuri, ka auna daga ƙasa zuwa bakin kwanon da ke saman taya, gaba da baya, ka rubuta. Ka ari buhunan siminti ko na shinkafa, ka rarraba su a ƙasan kujerar gaba da ta baya da but, har awon ya ragu da santimita 3. Ka yi kwana biyu kana yawonka a haka: ƙofar gidanku da kwalbatinta, lungun da kake bi zuwa aiki, kasis ɗin gaban makarantar unguwarku, gidan surukai in akwai. Resor ɗinka na yanzu ya fi gajeren taushi, don haka gwajin ya ɗan fi gaskiyar tsanani. In ta wuce a haka ba ta gurza ba, da gajeren ma za ta wuce. A rana ta biyu ka ɗauki abokanka uku a kan buhunan, ka sake bin hanyar, rediyo a kashe, gilashi a sauke.